Kama da Wane Ba Ta Wane: Martani ga Farfesa Verlinde kan Asalin Girabiti

A watan Janairun 2010 Farfesa Erik Verlinde na Jami'ar Amsterdam da ke Holand ya fitar da makala a kan asalin girabiti, wato ƙarfin nan da ke jawo mangwaro ƙasa idan ya tsinke, yake kuma riƙe wata a kewayen duniya. A ganinsa girabiti ba ya cikin ginshiƙan halitta kamar yadda aka ɗauka tun zamanin Newton. Ya ce sakamako ne na entirofi, kamar yadda zafi yake sakamakon kai-komon ƙwayoyin atom, kuma da zarar an gane haka, an kama hanyar sasanta ka'idar Einstein da kimiyyar kwantam, sulhun da aka fi shekara tamanin ana nema. A Nuwamban 2016 ya ƙara taku. Ya ce wannan tunani ya isa ya kawar da buƙatar ɓoyayyen nauyin da masana taurari suke cewa ya cika sararin sama.

Ban yarda da maganar farko ba, ban kuma yarda da ta biyu ba. Ina faɗin haka ina sane da wanda nake ja da shi. Tun yana ɗalibi a Utrecht Verlinde ya samo wata ƙa'idar lissafi da har yau ake kiranta da sunansa, kuma a 2011 aka ba shi kyautar Spinoza, wadda ita ce babbar kyautar kimiyya a ƙasarsa. Girman mai maganar ne ya sa maganar ta yi nisa, har jaridu suka riƙa yaɗa cewa girabiti ruɗi ne. Maganar da ta yi irin wannan nisa ta cancanci a zauna a tankaɗe ta.

Sai mai karatu ya san abin da ake nufi da ƙarfin entirofi kafin ya yi mana hukunci. Ɗauki robar ɗaure kuɗi ka ja ta. Za ka ji tana son komawa. Cikinta dogayen zaruruwa ne a cukurkuɗe, kuma zafi yana girgiza su kullum. Hanyoyin da zare zai iya zama a miƙe kaɗan ne, hanyoyin da zai iya zama a cukurkuɗe kuwa ba su ƙidayuwa. Idan ka ja robar ka tilasta wa zaruruwan zama cikin 'yan hanyoyi kaɗan, girgizar zafi kuma tana tura su zuwa inda hanyoyi suka fi yawa. Wannan turawar ce kake ji a yatsunka. Entirofi shi ne ƙidayar hanyoyin. Akwai shaidar da kowa zai iya gani a gida: rataya wa robar wani abu mai ɗan nauyi, ka ɗumama ta, za ka ga ta tsuke ta ɗaga abin, alhali waya idan ta ji zafi miƙewa take yi. Wani Bature makaho, John Gough, ya lura da wannan tun farkon ƙarni na 19. Da misalin irin wannan zare Verlinde ya buɗe hujjarsa, ya ce jan da duniya ke yi wa mangwaro ɗan'uwan jan roba ne.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ina so in ba wannan ɓangare haƙƙinsa sosai. A 1972 da 1973 Jacob Bekenstein, ɗalibin John Wheeler a Princeton, ya kawo hujjar cewa baƙin rami, wato wurin da girabiti ya yi ƙarfin da ko haske ba ya iya kuɓuce masa, yana da entirofi, kuma yawansa yana bin faɗin fatar ramin ne, ba girman cikinsa ba. Stephen Hawking ya fara ƙin maganar, sai ga lissafinsa na 1974 ya nuna ramin yana da zafi, yana kuma fitar da haske, aka kuma sami adadin daidai: kwata na faɗin fatar, idan aka auna da ma'aunin Planck. Baƙin rami mai nauyin rana yana ɗauke da entirofi da ya kai wajen 1 da sifili 77 a bayansa. A 1976 William Unruh ya nuna cewa wanda ke ƙara gudu a cikin sararin da babu komai zai ji ɗumi, ɗumin kuma yana ƙaruwa da yawan ƙarin gudun. Sai a 1995 Ted Jacobson na Jami'ar Maryland ya haɗa entirofin fatar da ɗumin Unruh da tsohuwar dokar zafi ta Clausius, ya fitar da lissafin Einstein gaba ɗayansa a cikin 'yan shafuka. Duk wanda ya bi wannan tarihi ya ce babu wata alaƙa tsakanin girabiti da ilimin zafi bai yi adalci ba. Alaƙar tana nan, kuma tana cikin abubuwa mafi ban mamaki da aka gano a ƙarnin da ya wuce.

Saɓanina da Farfesa shi ne abin da alaƙar ta tabbatar. Ta tabbatar da cewa dokokin girabiti suna da siffar dokokin zafi. Shi kuma ya tsallaka daga nan ya ce entirofi ne ke haifar da jan. Tsakanin maganar farko da ta biyu akwai kogi, kuma makalar 2010 ba ta gina gada a kansa ba.

Mu bi lissafin nasa sannu a hankali, domin gajere ne, ɗan sakandaren da ya iya aljabara zai iya binsa. Ya ce mu ɗauka akwai wani allo mai siffar ƙwallo da ya kewaye abu mai nauyi, kuma duk bayanin abin da ke ciki a rubuce yake a jikin allon. Ya ce idan ƙwaya ta matso kusa da allon, entirofinsa yana canzawa gwargwadon nauyin ƙwayar da nisan da ta matsa, ya kuma sa wata lamba a gaban wannan ƙa'ida, 2 sau π, wadda aka zaɓa domin lissafin ya fito daidai. Ya ba allon zafin Unruh. Daga nan dokar Newton ta biyu ta fito, cewa ƙarfi shi ne nauyi sau ƙarin gudu. Sannan ya ce yawan gurabun rubutu a allon shi ne faɗinsa a raba da wani ma'auni mai ɗauke da wata lamba G, ya raba makamashin abin daidai-wa-daida a kan gurabun, sai ga dokar girabiti ta Newton.

Karon farko da mutum ya ga wannan, dole ya ji daɗi. Amma a duba abin da aka zuba a tukunya. Zafin Unruh da kansa an gina shi a kan ƙarin gudu, don haka ba abin mamaki ba ne ƙarin gudu ya fito a ƙarshe. Dokar cewa idan nisa ya ninka biyu jan yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, daga faɗin fatar ƙwallo ta fito, kuma an san wannan dangantaka tun zamanin Gauss ba tare da an ambaci entirofi ba. Lambar G da hannu aka sa ta. Dangantakar entirofi da faɗin fata kuwa, Bekenstein da Hawking daga ka'idar Einstein suka ciro ta. Wato an ɗebo ruwa daga rijiyar girabiti, an zagaya da shi bayan gida, an dawo an ce ga ruwan da aka tono. Abin da ya fi damuna shi ne makomar lambar Planck, wadda ita ce tambarin kwantam a kowane lissafi. Ta shiga ta ƙofar entirofi, ta shiga ta ƙofar zafi, biyun suka cinye juna, amsar ƙarshe ta fito babu ita. Lissafin da aka ce zai ɗaura auren girabiti da kwantam ya ƙare bai bar wata alamar kwantam da za a je a auna ba.

Wani zai ce ai haka ilimin zafi yake, ba ya buƙatar sanin ƙwayoyin da ke ƙasa. Gaskiya ne, injiniyoyi sun gina injin tururi kafin a yarda da atom. Amma tarihin yadda aka yarda da atom ɗin shi ne babbar hujjata. Ludwig Boltzmann ya yi shekaru a Biyana yana cewa zafi motsin ƙwayoyi ne, entirofi kuma ƙidaya ce, manyan masana irin su Ernst Mach da Wilhelm Ostwald suna cewa ba su gani ba. Kyawun lissafinsa bai kashe gardamar ba. Abin da ya kashe ta rawa ce. Tun 1827 Robert Brown ya ga ƙananan ƙwayoyi daga garin fure suna rawa cikin ruwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ba su tsayawa. A 1905 Einstein ya ce idan ruwa ƙwayoyi ne masu karo da juna, to ga iya nisan da rawar za ta kai ƙwaya a cikin daƙiƙa kaza. Ya ba da lamba. Daga 1908 Jean Perrin ya zauna a Faris yana auna wannan rawa, lambar ta fito, Ostwald ya sallama. Boltzmann bai ga ranar ba, ya rasu a 1906.

Duk ƙarfin da entirofi ya haifa yana da irin wannan rawa a ƙarƙashinsa, domin matsakaici ne na ɗimbin karo. A babban abu rawar tana ɓuya, shi ya sa ba na kafa hujja da cewa duniya ta yi shekara biliyan huɗu da rabi tana kewaya rana ba ta gaji ba. Mai kare Verlinde zai ce yawan gurabun allon ya shafe rawar, kuma yana da abin faɗa. Wurin da ya kamata a nemi rawar shi ne ƙaramin abu mai halin kwantam, domin halin kwantam ba ya jure taɓawa. Ƙwayar da ke bin hanya biyu a lokaci guda, da zarar wani abu mai zafi ya ɗauki labarin inda take, ta rasa wannan hali.

An kuwa yi gwajin, tun kafin makalar Farfesa. A 1975 Colella da Overhauser da Werner a Amurka suka raba ƙwayoyin niyutiron hanya biyu a cikin dutsen silikon, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suka sake haɗa su. Girabiti ya canza zanen da haɗuwar ta bayar kamar yadda lissafin kwantam ya faɗa, bai goge zanen ba. A 2002 Valery Nesvizhevsky da abokan aikinsa a cibiyar Laue-Langevin da ke Grenoble a Faransa suka yi abin da ya fi wannan kyau. Suka sanyaya niyutiron har gudunsa ya koma kamar na mai keke, suka bar shi yana tsalle a kan madubi kamar ƙwallo, suka sa rufi mai haɗiye duk wanda ya taɓa shi. Da niyutiron ƙwallo ne na gaske, kowane tsayin tsalle zai yiwu. Abin da suka gani shi ne babu wanda ke wucewa sai an ɗaga rufin ya kai wajen kashi 15 cikin dubu na milimita, tsayin da bai kai kaurin silin gashi ba, daga nan ne kwatsam suka fara fitowa. Girabitin duniya ya jera niyutiron a kan matakala, kamar yadda lantarki ke jera ilektiron a cikin atom. Daga 2011 masana daga Biyana, a gwajin da suka sa wa suna qBounce, suka riƙa girgiza madubin suna ɗaga niyutiron daga wannan mataki zuwa wancan, suna auna tazarar.

Archil Kobakhidze, masani da ke aiki a Ostareliya, ya ɗora wannan a gaban Verlinde a 2011. Ya ce idan entirofin allo yana canzawa da tsayin da niyutiron yake, to allon ya san tsayin, kuma matakalar ba za ta tsaya ba. An yi masa raddi, kuma a 2021 wasu masana, har da Hartmut Abele na qBounce ɗin, suka gina wani samfurin girabitin entirofi da bai saɓa wa sakamakon Grenoble ba. Na karɓi wannan, amma a dubi yadda samfurin ya tsira. Yana da wata lamba da ake murɗawa kamar makunnin rediyo, kuma gwargwadon yadda aka murɗa ta sama, gwargwadon yadda rawar ke dusashewa, har samfurin ya koma girabitin da muka sani. Gwajin ya ce a murɗa ta sama. Babu abin da ke cikin makalar 2010 da ya faɗi inda makunnin ya kamata ya tsaya. Einstein ya ba da lamba, tamkar yana cewa a je a auna, idan ba ta fito ba na faɗi. Wannan ne ban samu a wurin Farfesa ba.

Makalar 2016 ta fi ta farko jarumta, kuma ina girmama ta saboda haka, domin a nan ya sa wuyansa. Matsalar da ya tunkara tsohuwa ce. Tun 1933 Fritz Zwicky ya ga gungu-gungun taurarin da ke tarin Coma suna gudun da nauyin da ake gani ba zai iya riƙe su ba, kuma a shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka nuna taurarin gefen gungu suna juyawa da sauri fiye da ƙima. Yawancin masana suka ce akwai ɓoyayyen nauyi, wanda ya ninka na bayyane kusan sau biyar. Har yau manyan na'urorin da aka binne a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso na Italiya da wani tsohon ramin zinariya a Dakota ta Kudu ba su kama ƙwayarsa ba, don haka mai neman wata hanya ba mahaukaci ba ne. Verlinde ya ce sararin da ke faɗaɗa yana da nasa entirofin da ya bazu ko'ina, abu mai nauyi yana ture shi, shi kuma yana matsowa baya kamar katifa, wannan matsin ne muke ɗauka ɓoyayyen nauyi. Daga saurin faɗaɗar sama ya fitar da lamba mai kusa da wadda Mordehai Milgrom ya gano a 1983 a juyin taurari. A ƙarshen 2016 Margot Brouwer da abokanta a Leiden suka auna yadda gungu 33,613 ke lanƙwasa hasken da ya bi ta gefensu, sakamakon ya yi daidai da lissafinsa ba tare da an murɗa komai ba. Wannan nasara ce ta gaske.

Sai dai lissafin, da bakin mai shi, yana aiki ne a kan abu mai siffar ƙwallo, wanda ke zaune shi kaɗai, ba ya canzawa, a sararin sama na wannan zamani. Hujjoji mafi ƙarfi na ɓoyayyen nauyi kuwa duk a wajen wannan shinge suke. A 2006 Douglas Clowe da abokansa suka nuna wasu manyan tarin gungu biyu da suka yi karo, waɗanda ake kira Harsashi. Iskar gas, wadda ita ce mafi yawan abin da ake gani, ta maƙale a tsakiya, amma lanƙwasar haske ta nuna nauyin ya wuce gaba ya bar ta. Akwai kuma tsohon hasken da ya taso lokacin da sararin sama yake da shekara wajen dubu 380, wanda tauraron ɗan'adam na Planck ya zana taswirarsa, kuma tsarin tabbansa ya dace da lissafin ɓoyayyen nauyi dalla-dalla. A kan waɗannan biyu makalar ba ta ba da lissafi ba. A cikin shingen ma an sami tangarɗa. A 2017 Lelli da McGaugh da Schombert, waɗanda ba masoya ɓoyayyen nauyi ba ne, suka gwada ta da juyin gungu masu siffar faifai, suka ga tana hasashen wata karkata da ba ta cikin abin da aka auna. A shekarar kuma Hees da Famaey da Bertone suka ɗora ƙa'idar a kan duniyoyin da ke kewaya ranarmu, ta kauce wa ma'auni da tazara mai yawan gaske. Idan aka ce ba don nan aka yi ta ba, sai mu tambaya wace cikakkiyar ka'ida ce za ta faɗi inda take aiki da inda ba ta yi.

Akwai wani ruɗani da nake ganin shi ne tushen farin jinin wannan ra'ayi, wato haɗa kalmomi biyu da ba ɗaya ba ne. Cewa sarari da lokaci sun tsiro daga wani abu da ya fi su zurfi magana ce mai ƙarfi. Juan Maldacena ya ba da misalinta a 1997, Ryu da Takayanagi suka nuna a 2006 cewa faɗin wata fata a cikin sarari yana auna yawan sarƙewar kwantam a bakin iyakarsa. Amma a wannan gini an san abin da ke ƙasa, an rubuta dokokinsa, kuma girabitin da ya tsiro daga ciki yana kiyaye halin kwantam, ba ya goge shi. Haka a 1996 Strominger da Vafa suka ƙidaya hanyoyin wani nau'in baƙin rami ɗaya bayan ɗaya, suka sami kwatan nan na Bekenstein da Hawking. Wanda ya ce entirofi ƙidaya ce, haka ake so ya nuna abin da ya ƙidaya. Su ma waɗannan nasarori suna da iyaka, tunda sararin Maldacena ba irin namu ba ne mai ƙara saurin faɗaɗa, kuma tsallakowa da su zuwa namu, kamar yadda makalar 2016 ta yi, zato ne. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ko a 2025 da Ginestra Bianconi ta Jami'ar Queen Mary a Landan ta fitar da nata lissafin, wanda ya ciro girabiti daga bambancin entirofi tsakanin siffar sarari da siffar da abu mai nauyi ke jawowa, labarai sun riga malam masallaci suna cewa an haɗa ka'idojin biyu. Tambayar da zan yi wa aikinta ita ce wadda nake yi wa Farfesa.

Ina so a fahimci dalilin da ya sa nake tsananta tambayar. Babu wanda ya taɓa auna hasken Hawking daga baƙin rami na gaske, domin ramin mai nauyin rana zafinsa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan goma na digiri ba. Babu wanda ya taɓa auna zafin Unruh kai tsaye. A fagen da ma'auni ya yi ƙaranci haka, kyawun lissafi yana saurin zama sarki, kuma ɗalibin da ya karanta cewa an gano asalin girabiti zai ɗauka an rufe ƙofar da har yanzu a buɗe take.

Ga kuwa wurin da za a raba gardamar. A 2017 Sougato Bose da abokansa, da kuma Chiara Marletto da Vlatko Vedral, suka ba da shawarar a ɗauki ƙananan abubuwa biyu, kowanne a sa shi a wuri biyu a lokaci guda, a kare su daga komai sai jan da suke yi wa juna, a ga ko girabiti kaɗai zai sarƙe su. Gwajin yana da wuya ƙwarai, ba a kai ga yin sa ba, amma ɗakunan bincike a Turai da Amurka suna matsowa. A 2021 ƙungiyar Markus Aspelmeyer a Biyana ta auna jan wata ƙwallon zinariya mai faɗin milimita biyu, nauyinta wajen miligiram 90. Kafin ranar da za a kunna wancan gwaji, ina roƙon Farfesa Verlinde ya rubuta mana a takarda yawan rawar da allonsa zai sa wa abubuwan nan biyu, da daƙiƙa nawa halin kwantam ɗinsu zai ɗauka kafin ya watse.